Ranar da Muka Sa Ƙafar Iliya a Injin Rake

Ni fa da an ƙyale ni, da maganar nan tana nan inda aka binne ta. Ina zaman-zamana a tashar Makarfi ina loda 'yan Zariya, makon jiya, sai Bala ɗan marigayi Alhaji Sale ya jefo wani tsohon katun a gurup ɗin 'yan ajinmu na firamare, ya rubuta a ƙasa wai a tambayi Tafinta yadda aka ƙare. Tafinta ni ne. Sunana na yanka Garba, amma har uwar da ta haife ni sai da ta koma kira na Tafinta. Kafin la'asar kowa ya sako ni gaba, har da waɗanda ranar su suka riƙe hannu da ƙafa, yanzu sun tara gemu suna turo "Allah ya yafe mana." To tunda an jawo ni, bari in faɗa da bakina, don in na bar wa Bala, zai zare kansa tsaf ya bar ni a ciki.

Abin ya faro ne wata Asabar ta lokacin saran rake, muna aji biyar, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, ana sa dattijo mai furfura tsallen kwaɗo don ya tsallake layin sabulu. Komai ya yi wuya. Madara sai a mafarki, sukari kuwa in ka ga ƙwaya ɗaya a gida to wani ne ba shi da lafiya. Wannan rashin sukarin ne ya ɗaga Alhaji Sale, don kowa ya koma zaƙaƙa koko da mazarƙwaila, shi kuma yana da injin matse rake a bakin fadama, irin mai manyan ƙarafa masu juyawa, da dogon itace da doki ke ja yana zagayawa tun safe. Da ribar ya sayo talabijin baƙi da fari, wadda ake haɗawa da batirin a-kori-kurarsa. Ba a buɗe tashar talabijin sai ƙarfe huɗu na yamma, kuma ran Asabar da katun ɗin mutanen ƙarfe ake farawa, waɗanda ke yaƙi da juna, su lanƙwashe su zama tifa ko katafila ko jirgin sama, su sake miƙewa su ci gaba da harbi. Shiga ɗakin kallo ba kyauta ba ne. Kowane yaro sai ya kawo damin busasshen ɓawon rake na hura wutar dahuwa, ya wanke ƙafa a randar zaure, Bala yana tsaye a ƙofa yana dubawa kamar ɗan sanda.

Ni kaɗai ba na kawo komai, don ni ne mai fassara. A kan buhu nake zama dab da talabijin, da ɓallin mazarƙwaila a hannu. Turancina kuwa gaba ɗaya bai wuce na tashi da zauna da rufe baki ba, wanda na tsinta a bakin malamai kafin bulala ta sauka. Amma baki ne da ni. In mutumin ƙarfe ya nuna ɗan'uwansa da yatsa, sai in ce ya ce masa, "Kai ɗan gidan gwangwani, uwarka a bola aka tsince ta." Ɗaki ya ɗauka da dariya. Matan gidan ma daga bayan labule suke saurare na, wata har ta taɓa ƙwarewa da ruwa. Ba wanda ya taɓa tambaya ko gaskiya ne, ni ma ban taɓa tambayar kaina ba.

Sai Iliya ya shigo harkar. Ɗan Malam Bulus ne, malamin aji shida da aka turo mana daga kudancin Zariya. Shan inna ta taɓa masa ƙafar hagu, yana sa wani takalmin ƙarfe da aka ba shi a asibitin mishan: sanduna biyu daga cinya har ƙasa, da maɗauran fata, da wani ɗan makulli a gwiwa wanda in zai zauna sai ya ɓalle shi ya yi ƙas, ƙafar ta lanƙwashe. Tun daga nesa ake jin tafiyarsa. Mun sa masa suna Ƙarfe, yana amsawa, don ba shi da zaɓi. Shi ke zuwa na ɗaya a aji, ni kuma ni ke gadin ƙarshe. Ba ya iya ɗaukar dami a ka, sai ya ɗaure nasa da igiya ya jawo shi a ƙasa tun daga fadama. Asabar biyu yana zama a can baya, yana jin fassarata yana murmushi.

A ta uku aka nuno katun ɗin da ya jawo mana. Akwai wani ƙarami a cikin na kirkin mutanen ƙarfen, mai zama a-kori-kura, don haka muke ce masa Ɗan Alhaji. Ana tsakiyar yaƙi a wata masana'anta, sai mugayen suka harbe masa ƙafa ta fice fit, ta yi gefe. Ya faɗi yana miƙa hannu yana wata magana, 'yan'uwansa suna gudu, kusa da shi kuma ga wani ƙaton inji yana juyawa. Na gyara murya na ce ai cewa yake a jefa ƙafar cikin injin nan, za ta fito sabuwa, har da fukafukai. Sai Iliya daga can baya ya ce, a hankali, "Ba haka ya ce ba. Cewa ya yi kada su tafi su bar shi." Na buɗe baki ke nan zan kare kaina, hoton ya fara tsukewa, ya zama ɗan ɗigo a tsakiya, ya mutu. Batir ya ƙare. Aka ɓarke da musu, wasu na bayana, wasu na bayansa, har wata daga bayan labule ta ce ashe dai Tafinta shara yake mana. Bala ya zare mazarƙwailar daga hannuna, da shaidar haƙorana a jiki, ya miƙa wa Iliya, ya ce Asabar mai zuwa ɗan malam ne zai hau buhu.

Kwana shida na yi ina aiki. A wajen tallan gyaɗa, a bakin rijiya, a filin langa, duk inda na ga yara uku sai na tsaya. Ban zagi Iliya ba, yaba shi na yi ta yi. Na ce ku ba ku lura ba? Ƙafarsa ai irin ta mutanen ƙarfen ce, Turawa suka ƙera, kun ji ƙarar da take yi in za ta lanƙwashe. Na ce ya san in ta shiga inji abin da za ta zama, shi ya sa ya ƙaryata ni, rowa yake mana. Kada ku ce yaran da wawaye ne. Mun ga ƙarfe ya ninke ya zama mota da idonmu, kuma ba wanda ya taɓa ce mana zane ne. Ni kaina, zuwa ran Alhamis, rabina ya yarda da ƙaryata.

Ran Juma'a ana tashi makaranta da wuri. Masu aikin rake sun tafi masallaci, sun kwance doki sun ɗaure shi a gindin mangwaro, tukwanen dahuwa suna ta tururi su kaɗai. Hanyar gidan malamai ta nan take bi. Mu shida muka jira shi a bayan tarin rake. Bala ne ya kayar da shi, biyu suka danne kafaɗu, ɗaya ya hau kwance maɗaurai. Bai yi ihu ba, abin da ya ba ni haushi ke nan a lokacin. Magana ɗaya ya yi ta maimaitawa: "Bala, don Allah, babu wani. An ce mana babu wani." Da aka zare ƙarfen muka ga ƙafar, siririya, fara-fara, kamar raken da aka riga aka matse. Wani ya yi dariya, duk muka yi. Na daɗe ina cewa ni baki kawai na sa, kuma gaskiya ne na sa baki, don ni na yi ta ƙarar nan da mutanen ƙarfe suke yi in za su rikiɗa, ina sanar da cewa Ƙarfe zai zama jirgi ya kai mu Kano. Amma hannu ma ya ɗan shiga. Su huɗu suka kama itacen doki suna turawa, ni na cusa ƙarfen a bakin injin, ta wajen takalmin.

Injin ya karɓa kamar rake. Takalmin ya fashe, sandunan suka shiga suna kuka, suka fito ta baya a miƙe kamar an yi musu guga, da ragowar ruwan rake yana ɗiga a jikinsu. Da aka zo wajen gwiwa, makullin ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa, injin ya cije, itacen ya ƙi gaba ya ƙi baya. Muka tsaya muna jira. Wallahi jira muka yi, ko fukafukan za su fito. Sai muka jiyo muryoyin masu dawowa daga masallaci, kowa ya yi ta kansa. Na waiwaya sau ɗaya. Iliya yana zaune a ƙasa, jakar littattafansa a cinya, yana kallon injin, ba mu ba. Ban taɓa tambayar yadda ya koma gida ba.

Washegari aka yi zama a zauren Alhaji. Malam Bulus ya zo da ƙarfen a naɗe cikin jarida, ya ajiye a tsakiya, ya buɗe. Alhaji ya duba ya ce, "Malam, sai haƙuri, yara ne. Ni ma ga injina can an yi masa rauni ana tsakar aiki." Da aka tambaye ni, na ce ai Iliya ne ya yarda a gwada, daga baya tsoro ya kama shi. Sauran biyar suka gyaɗa kai. Babana ya zane ni da igiyar akuya, amma kan injin Alhaji da rashin zuwa Juma'a, ko sunan Iliya bai ambata ba. Maƙerin unguwa ya gwada buga sandunan, suka tsage. A asibiti aka ce wa Malam Bulus kayan sun daina zuwa tunda ƙasa ta shiga matsi, ya dawo wata shekara. Iliya bai sake shigowa aji ba. Ran Lahadi mukan ga mamarsa ta goya shi zuwa coci, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ƙafar tana reto, mu kuma mu leƙo ta kan katanga mu yi masa ƙarar rikiɗa. Da damina aka yi wa ubansa canji zuwa Ikara. Ni kuwa Asabar ɗin da ta biyo na koma kan buhuna. Wani labarin daban aka nuno, ba a taɓa maimaita wancan ba, kuma ranar na ba da dariyar da ban taɓa ba da irinta ba.

Yanzu dokin ya tafi, injin mai fetur ne a bakin fadama. Ɗakin kallon ya zama shagon caji, kowane yaro da talabijin ɗinsa a aljihu, ba mai wanke ƙafa, ba mai neman tafinta. Ba zan ɓoye ba, ina kewar ƙamshin ruwan rake a kan wuta da ɗakin nan cike da yara suna jiran in buɗe baki. Ban sake zama wani abu kamar yadda na zama a kan buhun nan ba.

Iliya yana cikin gurup ɗin, bai taɓa rubuta ko sallama ba. Gyaran rediyo da talabijin yake yi a Ikara. Ranar kasuwa sai ga shi a tasha kan kekensa na hannu, ya zo sayen kaya zai koma. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi nawa, na sa yara suka ɗaure keken a saman motar Ikara, na ba shi gidan gaba. Mota ba ta cika ba, sai na ciro waya na ce bari mu ga ƙarshen katun ɗin nan kowa ya huta. Muka haɗa kai a kan gilashin. Ashe Ɗan Alhaji kore ne, mu duk a toka muka san shi. Ya faɗi, ya miƙa hannu, ya yi maganar nan. Sai biyu daga cikin masu gudun suka tsaya, suka juyo cikin ruwan harsashi, suka saɓa shi a kafaɗa har sansaninsu. Can aka kwantar da shi cikin wani inji, fitilu suka yi ta walƙiya, ya fito da sabuwar ƙafa yana tsalle.

Na daki cinya na ce, "Ka gani ko, Ƙarfe? Inji dai inji ne, ƙafa kuma ta fito sabuwa. Fukafukan ne kawai na ƙara. Kai ka ci rabi, ni na ci rabi, kunnen doki muka yi." Yaran tasha suka yi dariya, direba ma ya yi. Iliya ya miƙo mini wayar, ya sa hannu biyu ya gyara ƙafar a ƙarƙashin kujera.

Ya ce, "Shi ɗaukarsa suka yi, Garba. Ni da gwiwa na je gida."