Mama Tabita Mai Tura Bango

Duk wanda ya san Mama Tabita ya san ba a gaishe ta a tafi da sauri. Kana cikin tambayarta gajiya sai ka ga ta juya ta dafa abin da ke kusa, bango ne, itacen mangwaro ne, ko ƙyauren shagon wani, ta kafa ƙafa ta shiga turawa tana ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har goma. Sai ta kai goman za ta saki, ta gyara ɗankwali, ta ce maka babu gajiya. Baƙo yakan tsaya baki buɗe. Mu 'yan gida jira kawai muke yi, kamar yadda ake jiran jirgi ya wuce a buɗe hanya.

Yayar babana ce. A Fadan Kagoma take noman citta, amma nan Kafanchan take kawo kayanta kasuwa, kuma a gidana take sauka tun da na yi aure. Hausarta ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Kowa "kai" ne a wurinta, har ni Hanatu da ta goya da bayanta.

Abin ya samo asali ne shekarar da aka bar fam aka koma naira. Ta faɗo daga bayan babbar mota ita da buhun citta, ita ta fara isa ƙasa, buhun ya biyo ya sauka a gwiwarta. A asibitin mishan aka naɗe mata ƙafar da farin siminti tun daga cinya har idon sawu. Wata sista ta koya mata cewa ko da ƙafa ba ta motsi, naman cinya yana iya aiki. Ta ɗaure naman kamar za ta danna gwiwar cikin katifa, ta riƙe har goma, ta saki. Ta gargaɗe ta kada ta riƙe numfashi, shi ya sa ake ƙirgawa a fili, kuma in ta ji zafi ya soke ta, ta bari. Matar da ke gadon kusa da ita ta yi ta mata dariya, wai tana nishi kamar mai naƙuda. Da aka cire musu simintin, ƙafar matar ta fito siririya kamar muciya, Mama kuwa ta taka tata kafin lokacin da likita ya yi zato. Da yake kafaɗarta ma ta bugu, sistar ta ƙara mata da tura bango. Nan ne aka yi kuskure, don daga ranar babu bangon da ya sake samun hutu a garin nan.

Abin da ya fi burge ta shi ne ba a sayen komai. Takalmi ba ya cinyewa, zani ba ya jiƙewa da gumi, bango kuwa ko'ina akwai shi. In ta ga sojoji suna gudun safe sai tausayi ya kama ta, ta ce 'ya'yan mutane suna ta kashe takalmi don su koma inda suka fito.

Waɗanda suke cocinmu a lokacin za su tuna tsagewar nan da ke bangon gabas. Shekara uku dattawan ikilisiya suna zama a kanta, kowane zama a tashi a kan za a sake zama. To wata Lahadi da damina, an tashi sujada, Mama ta zagaya ta dafa wannan bangon, daidai ƙarƙashin tsagewar, ta fara aikinta. Dattijo Ayuba, wanda bai daɗe da zuwa garin ba, ya leƙo ya ga tsohuwa ta tokare bango fuskarta tana rawa. Ya ajiye littafinsa a ƙasa ya ruga ya sa kafaɗa, yana kiran maza su kawo agaji. Kafin ka ce me, mutum kusan goma sha biyar sun jeru, har da masu kwat. Mama ta kai goma, ta saki, ta tafi gaishe-gaishenta wajen matan zumunta.

Da ta dawo ta same su yadda ta bar su, gumi yana ɗiga. Ba wanda ya yarda ya fara saki, don kowa yana ji a jikinsa cewa shi ne ke riƙe da coci. Daɗi ya kama Mama, ta ɗauka a ƙarshe mutane sun karɓi koyarwarta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gyara musu tsayuwa, wannan ta ja masa ƙafa baya, wancan ta ce ya daina riƙe numfashi. Sai da fasto ya zo ya tambayi wanda ya fara ganin bangon yana faɗuwa aka gane zancen. Amma da yake manyan mutane ne, babu wanda ya yarda an yi aikin banza. Kowa ya rantse ya ji bangon yana motsi a tafin hannunsa. A satin aka kawo magina. Mama ta ce da ta san haka dattawa ke jin magana, da tuni ta je ta tura rijiyar makaranta.

Akwai kuma ranar da muka tafi biki Manchok a bayan akori-kura, dukanmu cikin anko. Motar ta kafe a laka. Direba ya ce a sauka a tura, kowa ya juya ya dubi Mama, tunda ga gwanar turi a cikinmu. Ita kuwa ta sami dutse ta zauna tana ɓarar gyaɗa.

"Ni ba na tura abin da zai tafi," in ji ta.

Direban ya ce ai matsalar ke nan, wannan ba inda za ta. Mama ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce rabin awa ke nan ana fama, ko taƙi ɗaya ba ta gusa ba. Sai ta miƙe, ta kakkaɓe zani, ta dafa bayan motar tare da mu ta fara ƙirga. Tana kai shida motar ta yi tsalle ta fice, Mama ta tafi da gwiwoyi biyu cikin laka. Muka hau muka ci gaba da tafiya har muka isa. Da muka sauka ta je ta tsaya gaban direban, laka har ƙirji, ta ce masa shi maƙaryaci ne, kuma ya cinye mata huɗu. A bangon gidan amarya ta ƙarasa su, dangin ango suna kallo.

Duk wannan dariya ce muke yi, har ranar da abin ya shigo gidana.

Mijina Yakubu yana koyarwa a wata firamare wajen Gidan Waya, kullum a babur yake zuwa. Wata safiya alade ya tsallako masa hanya, ya kauce, ya faɗa rami, gwiwarsa ta karye. Ya yi kusan wata biyu cikin siminti. Da aka cire, cinyar ta tsotse, gwiwar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Likita ya rubuta masa motsa jikin da zai riƙa yi, Yakubu ya kawo takardar gida ya danne ta da rediyo. Mutumin da ba ya zama wuri ɗaya ya koma ɗaki, ya daina aski, ya daina zuwa coci. Daga makaranta aka aiko cewa in bai dawo zangon da ke tafe ba za a ba wani ajinsa. Ni kuma ina da cikin fari. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, abin da yake ce mini kawai shi ne ƙafar ta riga ta mutu.

Ba ni na aika wa Mama ba. Ganinta kawai na yi da tabarma a hammata da buhun lemo a kai. Ta sa na karanta mata takardar likita sau biyu, ta ɗauka ta je asibiti da ƙafarta ta tambaya ko an yarda a fara. Da aka ce an yarda ta dawo.

Sai dai ga matsala. A matsayin uwa take a wurina, don haka Yakubu surukinta ne. Ba ta shiga ɗakinsa, ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa. Sai ta shimfiɗa tabarmarta a waje, daidai ƙarƙashin tagarsa, ta sa ni a bakin ƙofa.

"Kai Hanatu, gaya wa mijinka ya sauko ƙasa ya miƙe ƙafa."

Tsakaninsu bai kai taku uku ba, yana jin ta sarai. Ya ce in gaya wa Mama ya gode, amma shi ba yaro ba ne. Ta ce in gaya masa ta sani, ai ƙafar yaro ta fi tasa nama. Haka na yi ta kai saƙo ina dawowa da amsa alhali ban motsa daga inda nake ba. In na tashi duba tukunya sai su yi shiru su biyun, su jira ni.

Ta naɗe lemo ɗaya a tsohon zani ta ce a sa masa a ƙarƙashin gwiwa, ya danna ya riƙe har goma, ya huta, ya sake. Safe, rana, yamma. Ya ce in tambaye ta yaushe za ta koma gona. Ta ce ranar da lemon ya fashe. Da yamma sai in kai mata lemon ta jujjuya shi kamar mai ciniki, ta girgiza kai, ta ɓare ta shanye, don ita ba ta zubar da abinci.

Rana ta huɗu lemon ya fito a fashe, Yakubu yana ta murmushi. Mama ta duba ta ce wannan aikin babban yatsa ne, ita ta shekara arba'in tana matsa lemo a kasuwa. Ta ce in sansana tafin hannunsa. Na sansana, sai ƙanshin lemo. Ranar ce ya fara dariya tun da ya faɗi, ya yi ta yi har da hawaye.

Daga nan ya kama abin da zuciya ɗaya, ko da yake har yau yana cewa ba don ƙafar ya yi ba, don ta tafi ne. Ta ƙara masa da tokare diddige a bango, da zama a kujera yana tura ƙafar tebur. Naman cinyar ya fara dawowa. Likita ya duba ya ƙara masa lanƙwasawa kaɗan-kaɗan, gwiwar ta fara ba da kai. Yakubu ya tsaya da sanda, ya je bakin ƙofa, ya zagaya tsakar gida. Amma lemo ya ƙi fashewa. Sai a sati na biyar ya je shagon aski ya dawo da ƙafarsa, washegari da safe ya danna sau ɗaya ruwan lemo ya jiƙa zanin. Mama ta duba, ta naɗe tabarmarta.

Yakubu ne ya ɗauki kayanta zuwa tasha, sandarsa a hammata. Tana gaba, muna biye. A hanya ta matso kusa da ni ta faɗa mini a hankali cewa duk kwanakin nan ɗanyen lemo take zaɓar masa, mai tauri kamar dutse, don kada ya fashe ta tafi bai warke ba. Nunannen ta ɓoye shi ne a ƙasan buhu sai da ta ga ya taka.

Da za ta hau mota ta ce in gaya wa mijina ya riƙa ba alade hanya. Yakubu bai jira ni ba. Ya durƙusa a kan wannan gwiwar, a gaban mutane, ya ce, "Mama, na gode."

Ta kau da kai tana kallon tayar mota. Ta ce, "Kai Hanatu, gaya masa na ji."

Ya koma ajinsa ranar da aka buɗe makaranta. Mama ta ga ɗiyarmu, ta goya ta, amma ba ta ga shigarta firamare ba. Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke ta, ana tsakiyar haƙar citta. Kabarinta yana kan tudu bayan gonarta, hanyar duk duwatsu. Yakubu yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Sau biyu samari suna zuwa su karɓe shi, ya ƙi, har aka kai ta.

Ubangiji ya ba ki hutawa a wurinsa, Mama. Ya sāka miki wahalar da kika sha a kanmu, ya sada mu da ke a ranar tashin matattu. Amin.