Birkilan da Ya Ɗaga Ƙofar Kowa

Ranar da zariyar wandon Baba Birkila ta tsinke, hannayensa duka biyu suna sama, riƙe da kan keken ɗinkin matarsa. Ruwan sama bai jima da ɗaukewa ba, layinmu ya zama kogi, shi kuma ya fito daga gidansa da ke can ƙarshen gangare yana ratsa ruwa har cinya, zai kai keken inda ya bushe. Inda ya bushe a layin nan kuwa ai dakalin Mai Kanti ne, kuma a lokacin cike yake da 'yan kallo, kowa ya naɗe ƙafar wando ko da yake ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Saura ƙiris ya isa, sai ruwa ya ja wandon ƙasa. Baba ya tsaya cak. In ya saki keke, abincin gida ya tafi. In ya riƙe keke, mutunci ya tafi. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya zaɓi keke. Allah ya so rigarsa doguwa ce, sai dai jiƙaƙƙiyar riga ba ta iya rufin asiri ba. Ya zare ƙafa ɗaya, ya zare ɗayar. Wando ya taso saman ruwa, ya kumbura kamar mai fushi, ya kama hanya.

Mai Kanti yana share hawayen dariya ya ce, "Birkila, a bi maka shi?"

Baba ya dire keken a kan dakali, ya ce, "Ƙyale shi. Ya san gida."

Gaskiya ya faɗa. Duk abin da ruwa ya ɗauka a layin nan, ƙofar Baba yake sauke shi: silifa ƙafa ɗaya, murfin tukunya, leda, har kazar da kwananta ya ƙare. In abinka ya ɓata da damina ba ka cigiya, gidan Baba kake zuwa. Kafin ya koma, matarsa ta tsinci wandon a bakin ƙofa, ta matse, ta shanya. Ba ta yi dariya ba. A gidan nan an daɗe da daina yi wa ruwa dariya.

Da can ba haka layin yake ba. Mahaifin Baba, shi ma birkila, da hannunsa ya gina gidan, kuma ya zaɓi ƙarshen layi ne da gangan, don a nan iska ta fi kaɗawa. Bayan gidan akwai wani babban fili mai ciyawa. Ruwa yakan gangara can ya kwanta, ƙasa ta shanye abinta, kwaɗi su yi biki. Ƙofofin layin duk tsayinsu ɗaya, talaucin ma kusan ɗaya. Shi kansa Mai Kanti a lokacin Ɗan Tebur muke ce masa, don ashana da sabulu yake sayarwa a kan wani tebur mai ɗingishi, kuma rabin bulon da ya tokare ƙafar teburin Baba ne ya ba shi. Tare suka tashi, tare suke cin abincin rana a kwano ɗaya.

Sai abu biyu suka canza. Aka sayar da filin, aka zuba masa kankare, aka jera ɗakunan ajiyar kaya. Ruwan sama kuma ya sake hali. Da, baƙo ne mai kunya, ya zo a kai a kai, ya zuba kaɗan ya tafi. Yanzu sai ya ɓace har zafi ya dafa mutane, sannan ya iso da dukan danginsa da yamma ɗaya. Masu rediyo suka ce yanayin duniya ne ya rikice. Baba ya ce shi bai san duniya ba, amma ya san ruwan da ubansa ya sani ba shi ne wannan ba.

Ambaliyar farko ta jiƙa wa Mai Kanti sukari da fulawa, don a lokacin tebur ya riga ya zama shago. Washegari ya kira abokinsa. Baba ya ɗaga masa ƙofa, ya ja dakali daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya shafe shi sumul. Da ruwa ya dawo, ya zo ya shinshina dakalin, ya wuce. Shi ke nan, sai mai sayar da magani ya ce shi ma. Mai motocin haya ya ce shi ma, har da gangaren kankare da mota za ta hau. Kowa kuma sai ya zuba ɓaraguzai a gabansa don kada matakala ta yi masa tsawo, titi ya riƙa tashi kamar ƙullin da aka sa wa yis.

Waɗannan su ne shekarun da Baba ya ji daɗin duniya, kada a rage masa. A cikinsu ya sake rufin kwano, ya saya wa matarsa keken nan, 'yarsa ta gama makaranta. Yana tafe yana kaɗa cokalin gini, in ya wuce dakalin da ya gina sai ya buga shi da ƙafa ya ce, "Ruwa ya san hannuna, ba ya hawa."

Mutum ɗaya ce ba ta yaba ba. Malama, tsohuwar malamar makaranta da ke zaune a tsakiyar layi, ta tara mu a rumfar shagon Mai Kanti wata ranar hutu. Ba ta da doguwar magana.

Ta ce, "Ruwan da kuke kora daga ƙofarku ba sama yake komawa ba, ƙofar wani yake zuwa. Mu haƙa lambatu tun daga saman layi har babbar kwalbatin bakin titi. Masu hali su kawo siminti, masu ƙarfi su kawo ƙarfi, Baba ya ja mana aikin."

Mutane suka fara gyaɗa kai. Har Mai Kanti ya buɗe baki zai ce wani abu. Amma Baba yana da ƙofofi suna jiran a ɗaga su, kuma aikin gayya ba a biyan birkila. Ya miƙe, ya gyara hula.

"Malama, alli daban, siminti daban. Lambatun nan kafin damina ta raba shara ta cike shi. Kowa ya ɗaga ƙofarsa, a zauna lafiya."

Aka fashe da dariya, mu ma muka taya. Ba shawarar da ta fi shiga kunne kamar wadda ba ta ce ka sa hannu a aljihu don wani ba.

Malama ta dube shi ta saman tabarau. "Baba, kai ne fa a ƙarshen layi."

"Ni ne kuma birkilan layi."

Aka sake dariya, taro ya watse. Da Baba ya shiga gida yana ba da labarin yadda ya kayar da mai ilimi, matarsa tana kan keke, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Baban yara, in kowa ya ɗaga tasa, ruwan gidan wa zai kwana?" Ya ce ta ci gaba da ɗinkinta.

Gidansa ya kwana. Baba ya ɗaga ƙofarsa kamar yadda ya ɗaga ta kowa. Damina ta zagayo, ya ƙara. Ta sake zagayowa, ya sake ƙarawa, har ƙofar ta koma kamar taga. Muka riƙa tsokanarsa cewa gidansa ne kaɗai ake shiga a rusune, ko kana girmama mai gidan ko ba ka girmama shi. Ruwa kuwa ba ya musu da dokin ƙofa. Da ya ga an tare gaba, sai ya ɓullo ta makwararar banɗaki, ya tsatso ta ƙarƙashin daɓe. Bango ya sha ya ƙoshi, ya yi wani baƙin zane har ƙugu. Gado ya hau bulo, akwati ya hau gado, katifa ta riƙa wari ko da rani. Ƙafafun matar suka fara kumbura, tari ya zauna mata.

Maganin abin Baba ya san shi sarai: a cike tsakar gida, a ɗaga daɓe, a ƙara bango, a tashi rufi. Wato a sake gina gida. Amma siminti ya yi fiffike ya tashi, ladan birkila yana nan inda aka bar shi, gwiwa kuma ta fara ƙara in ya tsuguna. Mutanen da ya ɗaga wa ƙofa sun ci gaba da hawa. Mai Kanti ya ɗora bene, ya jera faranti masu kama hasken rana a kan rufi, ya koma Yallaɓai a bakin yara da manya. In zai yi gini yanzu, kamfani yake kira, masu injin kwaɓa siminti da hular kwano. Baba sai ɗan faci, sai gyaran murhu.

Ranar da tura ta kai bango, shi da kansa ya bi gida gida yana kiran taro a kan lambatu. Malama ta riga ta sayar da gidanta ta koma wurin ɗanta, don haka ba ta ga wannan rana ba, kuma Baba ya ce da ta gani da ya fi masa sauƙi, ko ba komai ta faɗa masa baƙar magana ya huta. Waɗanda suka zo su ne na ƙasa: mai wanki, mai gyaran takalmi, da wata bazawara mai 'ya'ya. Na sama suka aiko da gaisuwa. Mai Kanti ya aiko da buhunan sukari da babu sukari a ciki, wai a ɗura yashi. Wanda ƙafarsa ta bushe, kunnensa ma bushewa yake yi.

Duk da haka suka fara. Suka haƙo daga ƙasa, da diga da shebur, matar Baba tana kawo musu ruwan sha. Suna isa gaban gidan Mai Kanti, diga ta daki gangaren kankaren da motarsa ke hawa ta yi tsalle ta dawo. Baba ya karɓa ya buga da kansa, ko ɓalli bai yi ba. Aikinsa ne, tun kafin Mai Kanti ya fara kiran kamfani. Bai taɓa ha'inci a kwaɓi ba, ya zuba siminti yadda ubansa ya koya masa, ya sa rodi. Ya tsaya yana kallon abin, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Mai Kanti ya leƙo daga bene. "Birkila, me kake nema a nan?"

"Hanyar ruwa, Yallaɓai. In ka yarda a fasa nan kaɗan, a sa murfi."

"A fasa? Motar ta bi ta ina? Ai kai ka ce kowa ya ɗaga ƙofarsa. Ina wurin ka faɗa."

Baba ya saɓa diga ya koma. Ramin da suka haƙa ya zama gidan sauro.

Daga nan na ƙasa suka fara tafiya. Wani attajiri da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba ya riƙa aiko wakili, mai dogon takalmin roba, yana saye gidajen gangare da arha. Mai wanki ya sayar, mai takalmi ya bi, bazawara ta kwashe 'ya'yanta. Baba ya rantse shi kam sai dai a fitar da gawarsa. A bangon ɗakin baya akwai shaidar tafin hannun mahaifinsa, da ya danna a ɗanyen fulasta ranar da aka gama ginin. Baba yakan ɗora nasa a kai ya ce, gidan da wannan hannu ya gina ba na sayarwa ba ne.

Bayan abin wandon nan da 'yan kwanaki, da rana tsaka, sama tas ba ko gajimare, bangon ɗakin bayan ya zauna. Bai ko yi ƙara sosai ba, kamar tsohon da ya gaji da tsayuwa. Matar tana waje tana juya katifa a rana, shi ya sa muke ba da labarin da sauƙin zuciya. Baba ya daɗe yana tona ɓaraguzan yana neman tafin hannun. Ya samo guntu mai yatsa biyu.

Matar ta tsaya a kansa. "Baban yara, na bi ka cikin ruwa, ba zan bi ka ƙarƙashin bango ba. 'Yarmu ta ce akwai ɗaki a wurinta. Ni gobe zan tafi. In kana zuwa, ɗauko keken."

Baba ya share ƙurar da ke kan guntun. Da yamma aka gan shi zaune a kan dokin ƙofar nan mai tsawo, guntun fulasta a hannu, yana kallon layin daga ƙasa zuwa sama, ƙofa bayan ƙofa. Babu wadda ba shi ya ɗaga ba. Da mai dogon takalmi ya dawo, Baba ko ciniki bai ja ba.

Attajirin bai ɓata lokaci ba. Tun ana ɗaure kayan Baba a bayan motar haya, tifofi suka fara juye jar ƙasa a inda gidajen maƙwabtansa suke da. Tudu ya tashi, wani inji yana dannewa, ana ƙara wani. Wai har sai ya fi kowane dakali a layin tsawo. Baba ya ɗora kan keken a cinyar matarsa, ya cusa guntun fulasta a aljihu, ya ɗaga ƙafa zai hau.

Mai Kanti ya sauko, yana taku a hankali don kada takalminsa ya ɓaci. Shi ma ya ga tudun, kuma dariyarsa ba ta kai ta rannan ƙarfi ba.

"Birkila, tafiya ba sallama? Tsaya mana ka ƙara min bulo ɗaya a dakalin nan kafin ka wuce. Hannunka daban ne. In ka yi, har sabuwar zariya zan saya maka."

Baba ya sauke ƙafar. Ya dubi jar ƙasar, ya dubi dakalin, ya rufe ido ɗaya yana auna su kamar yadda yake auna bango.

"Ɗan Tebur," in ji shi, sunan da aka yi shekaru ba a ji ba a layin nan. "Ba bulo kake buƙata ba. Talaka kake buƙata a ƙasanka, ni ne kuma na ƙarshe. Zariyar riƙe abarka, ka ɗaure da kyau. Daga yau kai ne ƙarshen layi."