Tsagar bangon Inna

Jiya yayana Sani ya kira ta bidiyo daga Nijar, inda yake aikin sa kai na sake gina asibitin da ambaliya ta rusa. Kafin in ɗaga, Inna ta jingina da bangon ɗakinta, ta rufe inda ruwa ya tsaga da bayanta.

Bayan sun gama na ce, "Inna, magini fa kika haifa. Bari in faɗa masa."

Ta ce, "Kul! Sai ya bar mata suna haihuwa a gindin bishiya ya taho Ƙofa? Namu ɗakin ai yana tsaye."

Ga hadari ya sake haɗowa, kuma ta ƙi barin ɗakin. Jama'a, in kira shi a ɓoye?