Lambobin Jira

Shekaranjiya wata kwamfuta ta ƙi tashi a makarantar da nake koyarwa a Maiyama. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, sai kuka take yi, ƙiit, ƙiit, ƙiit, ta yi shiru, ta sake. Ɗalibin da ke gabanta ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Ko tambayarsa ban yi ba, na san ya shiga saitinta na ciki, wato bayos, ya taɓa lambobin memori. Faɗan bai samu ba, domin kukan nan ya riga ya ɗauke ni ya kai ni zauren Kawuna a Jega, ina yarinya.

Kafin in shigar da kai zauren, bari ka san wadda ta raine ni. Mahaifiyata ta rasu ina goye. Ban san fuskarta ba, ko hoto ba ta bari ba. Kakata ta wajen uwa ce ta ɗauke ni a Birnin Malam, Bafulatana doguwa da aure ya zaunar cikin manoman gero da albasa. Mahaifiyata kuwa ita ce 'yar farinta, ka kuwa san abin da wannan yake nufi. Ba ta kama sunanta, ba ta zancenta, da ranta da bayan ranta. Ni kaina ɗiyar wance take ce mini. In na matsa da tambaya sai ta miƙo mini ƙwarya ta ce a wanke. Baba yana fataucin albasa zuwa kudu, zamansa da mahaifiyata bai yi nisa ba, shi ma amsarsa ba ta wuce Allah ya jiƙanta. Haka na tashi da yunwar labarin uwa, yunwar da tuwo ba ya kashewa.

Kaka tana da wani hali da ke tsone wa mutane ido. In ka yi mata tambaya, ko da ina tsintsiya ce, ba ta amsawa nan take. Sai ta ja numfashi, ta dubi ƙasa, har ka fara zaton ba ta ji ba, sannan maganar ta fito, kuma in ta fito ba ta buƙatar gyara. Autanta, wato Kawu, shi Allah bai ba shi ko ɗigon wannan ba. Yana cin tuwo a tsaye, yana ɗaura agogo yana tafiya, babur ɗinsa kuwa kaji sun haddace ƙararsa tun daga bakin gari. Kaka takan ce ita dai ta san ta haife shi, amma ba ta san inda ya samo ƙafafu ba.

Da na isa shiga makarantar gaba da firamare aka mai da ni gidan Kawu a Jega. A zaurensa ya buɗe shago, da kwamfuta guda irin ta tebur, kwance, ta fara komawa ruwan ƙasa don tsufa. Da ita yake buga wa mutane takardu, ya haɗa katin biki, ya juye kaset zuwa faifai. Ranar kasuwa zauren kan cika da mutanen ƙauye, warin albasa da na zufa da na roba mai zafi su haɗu wuri ɗaya. Wuta kuwa ta zo ta tafi yadda ta ga dama. Ita kwamfutar ba ta san ana sauri ba, Kawu ya yi ta buga tebur da yatsu yana ce mata tsohuwa.

Da sanyi ya shigo, wani abokinsa da ya yi karatu a Sakkwato ya nuna masa wata ƙofa. In ka kunna na'urar ka yi maza ka danna wani maɓalli, sai ta kai ka wani shuɗin allo, shi ne bayos. A can ake saita gudun memori, wato 'yan sandunan nan masu baƙaƙen duwatsu da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsu. Daga ranar Kawu ya samu abin yi. Ya ɗaga gudun daga ɗari shida da sittin da bakwai zuwa ɗari takwas, ya ƙara mata 'yar wuta kaɗan, sannan ya juya kan wasu lambobi huɗu da ke jere: biyar, biyar, biyar, sha biyar. Na tambaye shi na mene ne.

Ya ce, "Waɗanga? Jira na. In injin ya tambayi memori abu, sai ta tsaya ta ƙirga biyar kahin ta ba shi amsa. Awa Inna. Ni ko huɗu nika so."

Muka yi dariya, ni da shi, don kamar Kaka yake nufi. Ya mai da su huɗu, huɗu, huɗu, sha biyu. Wani lokaci ya zarce, na'urar ta ƙi tashi ta kama kukan nan. Sai ya buɗe murfi, ya ciro wani ƙaramin batir mai kama da kwabo, ya ɗan dakata yana tsaki, ya mayar, komai ya koma yadda masu ita suka saita, ya sake daga farko. Daga ƙarshe ta yarda ta tashi a huɗu. Abokin ya gaya masa akwai gwajin da ake barin na'ura tana yi tsawon yini don a tabbatar memori ba ta kuskure. Kawu ya ce wutar yini guda a ina zai same ta, ga kuma mutane na jira. Ta tashi, ta buga takarda, ta yi waƙa, shi ke nan ta ci jarrabawa. A cikin sanyin nan kuwa lafiya lau ta yi aiki, har yana kiran maƙwabta su ga yadda tsohuwa ta koma budurwa.

Da bazara Kaka ta kwanta ciwo. Ta tashi, amma ta tashi da sanin cewa tafiya ta matso. Muka je gaishe ta, ana tsakiyar kwashe albasa, gari ya ɗauki zafi har bango na ƙona hannu. Ta sa aka kira Kawu, ta tambaye shi ko gaskiya ne rikodarsa tana riƙe magana ko mai maganar ba ya nan. Ya ce gaskiya ne. Ta yi shirun nan nata, sannan ta ce ya sa sabon kaset, ya nuna mata inda ake dannawa da yadda ake juyawa, kowa ya fita.

Muka zauna a gindin darbejiya, nesa da ƙofa. Ba wanda ya gaya mini, amma na sani. Abin da bakinta ya kasa faɗa a gaban mutum, shi take faɗa wa akwatin ƙarfe. Tun hantsi har aka kira azahar ƙofar na rufe. Da ta buɗe, idanunta sun yi ja, ta miƙa wa Kawu rikodar ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Na ɗiyaw wance na. Kowa ba shi ji sai bayan ba ni. Har kai."

Sai kuma hankalinta ya ƙi kwanciya da kaset, tunda kowane yaro zai iya tsintarsa ya jefa a rediyo, gida duka a ji ta tana kiran sunan 'yar fari. Kawu ya ce kada ta damu, kwamfuta tana da makulli, zai zuba maganar a ciki ya kulle, ya dawo mata da kaset ɗin ta yi yadda take so da shi.

Ranar da ya juye, rana ta take, kwanon zauren yana ƙara don zafi, fankar cikin na'urar tana huci. Kawu ya cire wayar lasifika, ya naɗe ta ya sa a aljihu, saboda amana. Ya kira ni ya ce in zo in gani, tunda gani ba ji ba ne. A allo wani koren zare yana tafiya, in Kaka ta yi magana ya yi tsalle ya yi ƙaya-ƙaya, in ta yi shiru ya miƙe sumul. Na tsaya ina kallon labarin uwata yana wucewa. Akwai inda zaren ya miƙe har na zaci kaset ya ƙare, sai ya sake tashi. Akwai inda ya yi ta rawa ƙanana-ƙanana, har yau ban san dariya ce ko kuka ba. Ban taɓa jin ɗoki irin na ranar ba.

Da ya gama, ya dunƙule sautin wuri ɗaya ya kulle da kalmar sirri, ya goge na buɗe, ya kwafi dunƙulen a faifai biyu don tsaro. Bai saurara ba, ko na ƙiftawar ido, don an ce kada ya ji. Kaset kuwa ya mayar wa Kaka. A gabana ta zare zaren ta tura a murhu, ya ƙudundune yana wari.

A bazarar nan kwamfutar ta fara wasu halaye. Tana cikin aiki sai ta daskare, ko ta mutu ta tashi da kanta. Kawu ya ɗora wa wuta laifi, ya ɗora wa cutar kwamfuta, ya wanke ta ya sake zuba mata komai. Lambobin nan huɗu dai bai koma kansu ba, don a ganinsa sun riga sun ci jarrabawa tun da sanyi. Da damina ta sauka ta daina, aka manta.

Kaka ta ƙara shekara biyu kafin ta rasu. Bayan sadakar arba'in Kawu ya rufe zauren da hantsi, ya jona lasifika, ya zaunar da ni a kujerarsa. Ya ce zai sa kalmar sirri ya fita, tunda nawa ne. Ya sa. Na'urar ta fara kwancewa, ta tsaya, ta fito da wani ɗan akwatin rubutu mai cewa abin ya lalace. Ya sake, haka. Ya ɗauko faifan farko, haka, na biyu ma haka, domin daga ruɓaɓɓe aka kwafe su. Ban taɓa ganin Kawu ya zauna a ƙasa ba sai ranar.

Ya kai na'urar Birnin Kebbi wurin wani mai gyara. Mutumin ya sa gwajin nan da Kawu bai yi ba, da ta ɗauki zafi allo ya cika da jajayen layuka. Ya mai da lambobin zuwa biyar, ja ya ɗauke. Ya yi masa bayani cewa memori in an hana ta jiranta, ga kuma zafi, ba ta cewa ba ta shirya ba. Amsa take bayarwa, ko daidai ko ba daidai ba, na'ura ta karɓa ta rubuta. A takarda harafi ɗaya ne zai karkace, ba wanda zai lura. A abin da aka dunƙule aka kulle kuwa, in wuri ɗaya ya lalace, duk abin da ke bayansa ya tafi. Kawu da ya dawo abin da ya ce kawai shi ne, albasa ce ta ruɓe ta ciki, bawo na ƙyalli.

Mai gyaran ya ceto farkon, abin da ya zo kafin kuskuren farko. Bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba. Ana jin ƙarar maɓalli, da gadon kara yana motsi, da wata akuya can nesa. Kaka ta gyara murya ta yi bismillah. Sannan ta ce, "Ke ɗiyaw wance. Uwakki..." Ta tsaya. Ana jin tana jan numfashi a hankali, yadda ta saba. A cikin wannan jiran sautin ya yanke.

Na yi fushi da Kawu, fushi mai tsawo, ba zan ɓoye maka ba. Na daina cin abinci in yana tsakar gida. In na tuna dariyar da muka yi ranar da ya ce awa Inna, sai in ji kamar in fasa na'urar da taɓarya. Shi kuwa bai kare kansa ba ko sau ɗaya. Ya yi ta ƙoƙarin biya na da abin da ya tuna na yayarsa, amma yana ƙarami aka yi mata aure. Wushirya gare ta, tana tsoron kwaɗo, ta taɓa goya shi zuwa fadama. Iyakarsa ke nan. Ya zagaya dangi har Sabiyal yana tambaya, kowa ya ce mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta. Wannan ai ana faɗa wa kowane mamaci.

Daga baya na karanci kwamfuta a jami'ar Aliero. Mutane suna zaton sha'awa ce, ni kuwa na san da dunƙulen nan na shiga aji, ina sa ran wata rana zan kwance shi. Na gwada duk abin da na koya, na aika wa waɗanda suka fi ni, amsa ɗaya ce. Kawu ya bar shago tuni, albasa yake saye yana adanawa. Ya fara manyanta, babur ma ɗansa ke tuƙa shi. Yanzu in ka tambaye shi abu sai ya yi shiru ya dubi ƙasa kafin ya amsa, ban sani ba ko shekaru ne ko wani abu. Mun shirya, amma ba mu taɓa zancen ranar ba.

Kwamfutocin yau da kansu suke saita gudun memori, dannawa ɗaya ce, yara kuma waya ma ta ishe su, kowa na ɗaukar muryar kowa ba a ko tambaya. Ɗalibin nan nawa na sa shi ya ciro batir ya mayar, na ce in yana son gudu ba haram ba ne, amma zai bar gwaji ya yi ta aiki har rana ta take, a ɗakin da ya fi zafi, kuma ba a kan na'urar da ke riƙe da abin wani ba. Ya ce to, yana mamakin yadda muryata ta canja.

Da aka tashi na zauna ni kaɗai na kunna ɗan guntun nan a wayata. Na san inda yake yankewa kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Duk da haka, in ta ce uwakki ta ja numfashi, ba na taɓa wayar. Nakan zauna in jira ta.