Lawali da Allon Mararraba

Lawali mai rubutun allo ne a Bodinga. Farkon mulkin farar hula hannunsa bai huta ba: tela na son suna a ƙofar shago, direba na son karin magana a bayan mota, kowa da katakonsa mai faɗi. Da abubuwa suka tsuke, fenti ya yi wuya, katako ya koma sai wane da wane. Alluna suka yi ta ƙanƙancewa, maganar da ake son ɗora musu kuwa ba ta ragu ba.

Wata rana Malami, sakataren wata ƙungiyar ci gaban ƙauye, ya kawo masa murfin duro da aka buge ya miƙe. Allo suke so a mararrabar da ke kan hanyar Shagari, ya nuna Shagari, da Danchadi, da ɗakin shan maganin da suka gina, a rubuce da boko da ajami, sannan sunayen manyan da suka taimaka, kowa da sarautarsa.

Lawali ya auna da tafin hannu, ya ce, "Malam, wanga murhi bai ɗaukar wanga kaya. Mi za mu ragewa?"

"Ba a rage kowa," in ji Malami. "Matsa su dai."

Ya matsa su. Ya yi ta duƙawa da tsinken kaba, don burushi ya yi kauri, har idanunsa suka riƙa ruwa. Matarsa Atika ta leƙa ta ce sai ka ce tururuwa sun samu suga.

Ba a jima da kafa allon ba, wani direba baƙo mai suna Ɗahiru ya ɗauko tsohuwa da maciji ya sara, zai kai ta ɗakin shan maganin. Ya wuce mararrabar bai iya karanta komai ba, sai da ya yi nisa aka komo da shi. Tsohuwar ta rayu, amma ƙafar ba ta sake takuwa daidai ba.

Labari ya kai kunnen Lawali. Ya ɗauki keke da ragowar fenti, ya kankare allon a inda yake, rana na dukansa. Ya sake rubuta kalma uku kawai manya, kowace da kibiyarta. Sunayen manya ya mayar da su baya, wajen da ke kallon gonar dawa.

Malami ya zo har gida yana huci. "Kai ka aje ubannin ƙasa suna kallon kara?"

"Suna nan dut, ban zubar da ko guda ba," Lawali ya amsa, bai ko tashi daga tabarma ba.

Daga nan ƙungiyar ba ta sake ba shi aiki ba, masu jin maganarta ma suka janye. Ya ɗan ci gaba da rubuta lambar amalanke da sunan masu niƙa, har ranar da ya ga layi ɗaya yana zame masa biyu. Sai ya wanke burushi, ya roƙi ɗan wuri a fadamar surukinsa, ya koma ban ruwan albasa.