Benen Saja

Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne mutum na farko da na sani da ya yi karatun zanen gini. Ni allo aka kai ni, na sauke, na ci gaba da littattafai a zaure, har yau kuma da ajami nake rubuta abin da ba na so in manta. Shi kuwa Allah Ya nufe shi da boko. Ya tafi Kaduna ya yi shekaru, ya komo Zuru da takardar shaida da wani faffaɗan katako da yake shimfiɗa takarda a kai yana jan layi. Mutanen gari suka sa masa Injiniya. Ya yi ta gaya musu shi ba injiniya ba ne, har ya gaji ya bari.

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa, labari ya iso mana cewa ana gine-gine a Jidda ba dare ba rana. Wani abokin karatunsa ya haɗa shi da wani kamfani na can, suka ce za su ɗauke shi. Sai dai hukumar da ke ba masu zanen gini izinin aiki a ƙasar ba ta san makarantarsa ba. Ta ce ba za ta karɓi takardarsa ba sai ya nuna gini guda da ya zana da hannunsa, aka kuma gina shi yadda ya zana. Kamfanin yana da wakili da kan zo Nijeriya jefi-jefi, shi zai biyo ya gani da idonsa ya ba da shaida. Da ƙanena ya karanta mini wannan, sai na ce alhamdulillahi, ai an gama. Gini guda kaɗai? Ya naɗe wasiƙar ya ajiye.

Ya fi ni sanin inda matsalar take. A Zuru ta lokacin ba a gini da takarda. Magini ya zo, ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa, mai gida ya ce a ƙara kaɗan ta gabas, shi ke nan an fara. Mun zaga wajen 'yan kasuwa da ma'aikatan En'e, kowa ya yaba zanen ya maido mana.

Wanda ya karɓa wani tsohon soja ne, Badakkare, wato ɗan ƙabilar duwatsun yankinmu, Kirista, da kowa ke kira Saja. Ya dawo daga yaƙi da kuɗin sallama da ɗingishi, ya kuma ga benaye a Legas da Inugu, ya rantse sai ya kwana a sama kafin ya mutu.

"Injiniya, zana mini," in ji shi. "Wanda in na tsaya a kai zan hango dutsen garinmu. Kome ka sa a takarda, oda ce. Ni soja ne."

Ƙanena ya zana bai karɓi ko sisi ba. Na ga takardun, ko da yake ban iya karanta su ba: falo mai manyan tagogi don iska ta ratsa, ban-ɗaki a cikin gida, matakala, ɗakuna a sama. Duk ranin nan yana wurin aikin tun daga asuba, yana auna bulo, yana faɗa da magina a kan siminti. Aka gama ƙasa, aka zuba rufin kankare, aka bar rodi a tsaye yana jiran sama. Sai ruwan farko ya sauka. Leburorin samarin ƙauye ne, kusan kowannensu yana golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Ba wanda zai bar gonar suruki saboda bulo. Suka watse, aiki ya tsaya sai kaka.

Ƙanena ya ce bari ya yi amfani da damina ya tafi Legas, don takardarsa tana bukatar hatimin ofisoshi kafin a aika da ita waje. Ya ce mako biyu zai yi, sai ga shi ya cinye daminar a can. Wannan ofis ya tura shi wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya tafi hutu. Ya dawo a rame ana yankan dawa, da hatimi, da labarin cewa wakilin kamfani yana hanya.

Ni ba na bin unguwar Saja, ban san abin da ya faru ba sai da muka tafi tare. Muka tarar gida ya cika da mutane. Da dangin Saja suka ji ya yi rufin da ba ya yoyo, sai suka gangaro daga kan dutse, tsohon ubansa da matan 'yan'uwansa da yara. An toshe manyan tagogin nan da tubalin ƙasa, an bar 'yar kafa a sama. An raba falon biyu, an fasa ƙofa ta bakin hanya, wani ɗan kasuwa Ibo ya zuba gwangwanayen madara da fitilu yana sayarwa. Ban-ɗakin cike yake da buhunan dawa. A tsakar gida ga rumbu sabo fil. Rodin da ke jiran sama an lanƙwashe shi, an shanya barkono a kan kankaren.

Saja ya fito yana dariya, ya rungume ƙanena.

"Ka ga gidanka? Kowa ya samu wuri!"

"Saja, ina saman?"

Dariyar ta ragu. Ya waiga wajen tsohon da ke zaune a ƙofa, ya rage murya. "Baba ya hana. Ya ce ba zai kwanta a ƙasa matan 'ya'yansa suna takawa a kan kansa ba. Ya ce in an ɗora bulo ɗaya, zai koma dutse ya mutu a can."

"To, ban-ɗakin fa?"

"Haba Injiniya! Mutum ya yi bayan gida a inda yake cin tuwo? Kuma ina ruwan da za a kora? Malam, kai ka faɗa masa."

Ƙanena bai jira ni ba.

"Ka ce kome na sa a takarda oda ce," in ji ƙanena.

"Oda ce," in ji Saja. "Amma Baba ya fi ni igiya."

A hanyar gida ƙanena ya ce, "Yaya, mi zan gwada ma baƙon ga?" Na ce a roƙi Saja ya kwashe kayan na yini ɗaya, a buɗe tagogin. Ya ce ko an buɗe, ina za a samo bene? Na ce to a nemi wakilin ya jinkirta. Ya ce ya riga ya taso. Abin da ya rage mini na yi. Na sa almajiran zaurenmu suka yi sauka, na ba da sadakar waina, na roƙi Allah Ya rufa asiri.

Baƙon ya iso ranar kasuwa a cikin Landiroba, jajaye da ƙurar hanyar Kwantagora shi da direbansa. Balarabe ne dattijo, mai sanyin magana. An ce in zo saboda ɗan Larabcin da nake ji. Saja ya sa tsohon kakinsa da lambobinsa, ya yanka rago, ya jera yaran gidan suna tafi. Da zuciya ɗaya ya yi, don ya ɗauka gidansa aka zo girmamawa daga ƙasar waje.

Balaraben ya warware takardar a kan motar, ya duba ta, ya dubi gidan, ya sake duba ta. Sai ya tambaye ni a hankali ko akwai sauran tafiya kafin mu kai ginin. Na ce masa wannan ne. Ya shiga, ya leƙa kantin, ya leƙa ɗakin dawa, ya hau matakala har inda ta ƙare a sarari, ya tsaya cikin barkono yana kallon duwatsu. Ƙanena yana biye da shi yana bayani da Turanci, yana nuna inda taga take da, inda bango zai tashi. Saja kuma yana ta ja mini hannun riga: "Malam, me ya ce? Ya yaba?" Na ce ya ce gini yana da ƙarfi. Haka kuwa ya ce.

Ya ci naman, ya yi godiya. Da zai shiga mota ya kama hannun ƙanena ya ce zanen yana da kyau, amma shi abin da idonsa ya gani zai shaida, ba zai rantse a kan ginin da ba ya nan ba. Ya ce in an sami wani ginin a sanar da su. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne ma ba zan rantse ba.

Ba a sami wani ba. Kamfanin ya ɗauki wani mutum daga wata ƙasa, wasiƙu suka daina zuwa. Ƙanena ya karɓi aiki a ofishin ayyuka na ƙaramar hukuma, yana auna kwalbatoci a hanyar Mahuta da Ribah.

Gidan Saja kuwa ya yi suna. Tsofaffin sojoji suka riƙa sallama a ƙofarmu, kowa yana son irin na Saja, da kanti a gaba da ƙananan tagogi da wurin shanya a sama. Da fari ƙanena yakan sa a ce ba ya nan. Daga baya, da iyali suka ƙaru, sai ya fara zana musu yadda suke so. Akwai gidajen nan da dama a Zuru yanzu, an gina su daidai da takarda, ba a sauya ko bulo ɗaya ba. Na taɓa ce masa ga gini ya samu, ko zai sake gwada mutanen Jidda? Ya ce, "Yaya, waɗanga ba ni na zana su ba." Ya ɗauki butarsa ya shiga alwala, ban sake tayar da maganar ba.