Gyaran Kawu a Jirgin Nama

Shekara goma sha ɗaya na yi ina auna nama a filin jirgin Garuwa, kuma a duk tsawon lokacin nan mutum ɗaya tak na taɓa ɗaga hannu bayan salla ina roƙon Allah ya ba ni sa'a a kansa. Kawun matata ne, babban mahauci, mutumin da in ya shigo kwata shanu ma kan gyara tsayuwa.

Kamfaninmu ƙarami ne, jirginmu ɗaya, mai farfela biyu. Sau biyu a mako yake kwasar ɗanyen nama ya kai Duwala. Aikina sikeli. Kowane akwati ya hau, in rubuta, in haɗa jimla, in kai wa matuƙin jirgin, wanda muke kira Kwamanda. Daga wannan nauyi da kuma zafin ranar yake fitar da lambobin gudu, ya rubuta a wani ɗan kati ya maƙala a gabansa. Ta farko V1: in jirgi ya kai wannan gudu a kan titi, zancen tsayawa ya ƙare, ko inji ɗaya ya mutu sai an tashi. Ta biyu VR, gudun da ake ɗaga hancin jirgi. Akwai ta hawa, akwai ta sauka. Jirgi mai nauyi yana son gudu fiye da marar nauyi kafin ya rabu da ƙasa. Saboda haka in takardata ta yi ƙarya, katin Kwamanda ma ya yi ƙarya.

Wata Talata cikin Afrilu, irin zafin nan na Garuwa da ƙadangare ke tsallaka kwalta a kan yatsa ɗaya, muka loda akwatunan Kawu. Ina tsaye a bakin rumfa ina kallo. Jirgi ya ɗauki gudu, ya kai inda ya saba ɗaga hanci, ya ɗaga, amma tayoyin baya suka ƙi sakin ƙasa. Haka ya tafi da hanci a sama kamar raƙumin da ke jin ƙamshin ruwa, jelarsa saura ƙiris ta goga kwalta. Allah ya sa titinmu dogo ne. Can ƙarshe ya ɗaga da ƙyar, ya wuce kan bishiyoyi. Na sha gaya wa mutane cewa ya tafi da ganyen darbejiya a tayarsa. Ban gani ba, amma ban janye ba.

A Duwala Kwamanda ya sa aka sake auna kayan. Suka fi abin da na rubuta da nauyin sa guda, har da ɗan maraƙi a bayansa. Washegari Shef, wato shugaban ofishinmu, ya miƙo min takardar neman bayani, ya ce an ɗauke ni daga sikeli an mayar da ni sharar rumfa. Wata guda ya ba ni. In ban kawo dalili ba, in ajiye rigar aiki in tafi gida.

Na duba sikelin nan sama da ƙasa, lafiyarsa lau. Na sake haɗa lissafi har sau bakwai. Sai ranar Juma'a, na je kasuwa sayen naman miya, mahaucin ya auna min kilo ɗaya, ya sauke a leda, sannan ya yanko guntun hanta ya jefa a kai.

Na ce, "Malam, ba ka auna wannan ba."

Ya dube ni kamar baƙo. "Gyara ne. Yaushe ka taɓa ganin gyara ya hau sikeli?"

Na tsaya da leda a hannu har mai babur ya kusa take ni. A rumfarmu akwatuna a buɗe suke hawa sikeli, domin likitan dabbobi ya duba. Bayan na tafi kai takarda, mutanen Kawu ne ke rufe su su ɗaure. Akwati tamanin da wani abu. A ranar nan kuma Kawu ya yi sababbin masu saye a kudu, yana son su san da wa suke hulɗa.

Da la'asar na same shi a ƙofar gidansa, ya kishingiɗa, ana masa fifita. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo maganar a hankali.

Ya ce, "To sai me? Tun kana tsumma nake aika nama da gyara. Hanta, harshe, tozo, ƙafafu. Kyauta na yi, ɗan nan, ba sata ba."

"Kawu, aikina ne a kai. Ka zo ka faɗa wa Shef da bakinka kawai."

"Ni in tsaya gaban yaro mai wuyan kwat in ba da bayanin hannuna? Jirgin da ke ɗaukar sa goma, ɗan tozo ne zai kayar da shi?"

Da nan ya tsaya, da na haɗiye. Amma ranar Lahadi a wajen suna a gidan surukaina, gaban maza sun fi arba'in, ya nuna ni da ƙashin da yake tsotsa ya ce, "Ga mijin 'yarmu, ya yi boko har ya ƙoshi, amma sikeli ya gagare shi. Yanzu tsintsiya aka ba shi, ita ba ta da lamba." Aka kwashe da dariya. Har wani ɗan'uwansu da ya zo daga garin Gidar ya ƙware da kunu. Ni ma na yi dariya, har haƙoran baya na nuna. A cikina kuwa tukunya ce a kan murhu.

Mako uku ina shara. Na share rumfar nan har siminti ya fara rama. Saura kwana shida wa'adina ya cika sai na ga sunan Kawu a takardar tafiya. Ɗaya daga cikin masu sayensa zai buɗe sabon shago a Duwala, ya gayyace shi, kuma akwai kujera ɗaya bayan matuƙa da ake ba mai kaya. Kawu ya hau jirgi sau ɗaya, zuwa Makka, kuma shi da kansa yake cewa tun kafin a tashi ya yi barci. Bai taɓa zama inda zai ga titi yana ƙarewa a gabansa ba.

Na jingine tsintsiya na ce alhamdu lillahi.

Ranar tafiya ya iso da babbar riga mai aska, da turare kamar an fasa shago. Abokin aikina da aka ɗora a kan sikeli ya gama auna akwatuna, mutanen Kawu suka rufe suka ɗaure kamar kullum. Na gan su, na ci gaba da sharata. Sai da aka gama lodi tsaf na matso.

"Kawu, doka ce, fasinja ma sai ya hau sikeli."

"Sikelin nama?"

"Shi kaɗai gare mu, ranka ya daɗe."

Ya hau, gaban leburori da jandarman ƙofa. Na karanta lambar da muryar ladan, sau biyu, ta Hausa da ta Faransanci, don kada wani ya ce bai ji ba. Sannan na ja shi inuwar fiffike inda Kwamanda ke cike katinsa, Shef na tsaye a gefe. Kwamanda mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, Kawu kuma Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Na ce bari in nuna wa baƙonmu yadda abin yake.

"Kawu, ka ga wannan lamba ta farko? In kuka kai ta a guje, za ka ji mataimakin Kwamanda ya yi kira. Daga wannan kira babu birki. Ko ka tuna ka bar wuta a gida, sai sama."

"To."

"Ta biyun nan, a nan zai ja hanci. In nauyin da ke takarda shi ne a cikin jirgi, sai ku tashi lafiya. In akwai abin da takarda ba ta sani ba, hanci zai tashi, gindi ya ƙi. Kun riga kun wuce wurin tsayawa, ga katanga na tahowa, bayan katanga ga Binuwai da dorinarta."

Binuwai ba ta wannan gefen ma, amma Kawu bai san haka ba.

Ya ce, "Wancan karon ai sun tashi."

"Sun tashi. Amma wancan karon babu kai a ciki, Kawu, kuma yau ta fi zafi." Na juya na tambayi Kwamanda ko yau ta fi zafi. Ya dubi takardarsa ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kai, da na saya da kuɗi ma bai kai haka kyau ba.

Kawu ya dubi jirgi, ya dubi titi yana rawa cikin rana. Gumi ya sauko daga ƙarƙashin hularsa ya bi ta wuya. Ya ciro carbi, ya mayar. Ya taka matakala ta farko, ta biyu, ya tsaya. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Kawu. Akwai saƙon da zan kai gida?"

Ya sauko da baya.

"Ku sauke akwatunan nan! Ku buɗe su duka!"

Shef, wanda shi ma ba ya jin Hausa, ya tambaye ni me yake cewa. Na ce gara ya ji daga bakin mai kaya. Aka kira jandarman ya yi tafinta, don kada a ce na sa gishiri. Kawu ya faɗa, yana haki, cewa akwai gyara a kowane akwati, yau da wancan karon da duk karon da ya wuce, illa dai na Afrilu ya fi yawa. Aka buɗe. Hanta, ƙoda, harshe, tozo, ƙafafun sa a jere. Aka tara su a kan leda, Shef ya dube ni ya ce, "Kai, zo ka auna." Na goge hannu a wando, na hau bakin aikina. Ban taɓa auna abu a hankali kamar ranar nan ba. Kowane harshe shi kaɗai na ɗora.

Kwamanda ya yaga katinsa ya rubuta sabo. Kawu ya shiga ba tare da ya kalle ni ba. Jirgi ya ɗaga daidai inda ya kamata. Kafin azahar Shef ya ciro takardar neman bayanin nan daga fayil ya yaga, ya kuma kafa doka cewa daga yau a rufe akwati kafin ya hau sikeli.

Matata ta yi kwana huɗu ba ta ce min ko sannu ba, wai na tozarta babba. Kawu kuwa ta jirgin ƙasa ya dawo har Ngaundare, ya ƙarasa da mota, kuma har yau in na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

A ranar tafiyar kuwa, da Kwamanda ya dawo da yamma na tare shi tun bai cire abin sauraron rediyo daga kunnensa ba, na tambaye shi yaya fasinjansa. Ya ce sun haɗu da iska a kan tsaunukan Adamawa, tsohon ya yi amai sau biyu, na biyun a cikin hularsa. Na jawo masa kujera, na aika a kawo masa ruwan sanyi, na ce ya ba ni labarin tun daga farko, kada ya tsallake komai.